Yadda mai haya a Yamai zai zaɓi inshorar gida da kayan ɗaki

Yawancin masu haya a Yamai, daga mai zaune a apartema a Plateau har zuwa mai ɗaki biyu da falo a selibatariyum na Banifandu, sun ɗauka cewa idan gobara ta tashi, mai gida ya yi asarar gininsa, su sun yi asarar kayansu, sai kowa ya rungumi ƙaddara. A wajen doka ba haka abin yake ba. Aya ta 1733 ta kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta ɗora alhakin gobarar gidan haya a kan wanda yake zaune a ciki, sai fa idan ya iya tabbatar da ɗaya daga cikin abu uku: cewa wutar ta zo ne ta hanyar da ta fi ƙarfin mutum kamar tsawa, ko daga aibin da ke cikin ginin kansa, ko kuma daga gidan maƙwabta ta tsallako. Idan ya kasa, ana iya bin sa kuɗin gyaran ginin. Ko da mai gida yana da tasa inshorar, kamfaninsa zai biya shi, sannan ya juyo kan mai haya ya nemi abin da ya biya. Dokar inshora ta ba shi wannan dama.

Saboda haka mai neman inshorar gidan haya, wadda a ofis za ka ji ana ce mata asirans, ya kamata ya fara da sanin cewa tale da firigo ba su ne babban abin da yake karewa ba. Babban abin shi ne bashin da zai iya hawa kansa a dare ɗaya: na mai gida da na maƙwabta. Takardar da ke haɗa wannan da kayan ɗaki sunanta "multirisque habitation". Ga yadda ake zaɓenta.

Fara da takardar hayarka

Kafin ka taka zuwa kowane kamfani, ɗauko yarjejeniyar haya ka karanta. Abu biyu kake nema. Na farko, ko mai gida ya wajabta maka yin inshora. A manyan gidajen bene da waɗanda ke hannun ofisoshin dillancin gidaje ana samun wannan sharaɗi. Na biyu, ko akwai layin da aka rubuta "renonciation à recours", ma'ana mai gida ya yafe bin ka idan ginin ya lalace. In akwai shi, tambayi ko kamfanin inshorar mai gidan ma ya amince da yafiyar a rubuce. In an tabbatar, kuɗin da za ka biya zai ragu, domin an sauke maka kaso mafi nauyi.

Da yawa a garin nan haya ta baki ce: an biya kuɗin ajiya da na wata biyu ko uku ta hannun dillali, an miƙa makulli. Rashin takarda bai sauke maka alhakin gobara ba. Roƙi mai gida a rubuta ko da shafi ɗaya ne, mai ɗauke da sunayenku, unguwa, yawan ɗakuna, kuɗin haya da ranar shiga. Ba sai da kakkausar murya ba. "Alhaji, inshora zan yi wa gidan nan, sun ce sai da takardar haya" ta isa, kuma yawancin masu gida murna za su yi. A rana guda ku zagaya gidan tare, a ɗauki hoton bango, silin, kwantar wuta, dijanta, famfo da bayi. Inda waya ta fito tsirara ko silin ya nuna alamar yoyo, a rubuta a sa hannu. Wannan hoton shi ne hujjarka ranar da aka zo gardamar ko aibin na ginin ne ko naka.

Ƙirga kayanka ɗaki-ɗaki

Nan ne mutane suka fi kuskure, don haka a nan za mu daɗe. Idan ma'aikacin kamfani ya ce "kayanka sun kai na nawa?", kada ka ba shi amsa daga ka. Ɗauki littafi, ka yi layi huɗu: sunan abu, shekarar da aka saye shi, farashin sabon irinsa a kasuwa yau, da ko akwai rasit. Fara da falo: kujeru, kafet, labule, tale, dikoda, fanka, kilima. Wuce ɗakin kwana: gado, katifa, armuwar, tufafi. Tufafi su ne ake rainawa, alhali idan ka jera shaddoji goma da ɗinkinsu, da atamfofi da lesunan uwargida, da takalma, sau da yawa sun fi kuɗin kujerun falo. Sai kicin: firigo, injin daskarewa, murhun gas, tukwanen gas na kilo 6 ko 12,5, kwanuka da kuloli. Kar a manta kwamfuta, keken ɗinki, keken yara, littattafai.

Kayan ɗakin mace nata ne, ita ta san adadinsu da darajarsu, don haka da ita ake wannan ƙirga. Zinarenta kuwa a ware shi daban, da nauyinsa a giram da hotonsa, saboda kamfanoni suna sa wa kayan ado da kuɗi tsaba iyaka ta musamman, wasu ma ba sa biyan kuɗi tsaba sam sai an ajiye su a akwatin ƙarfe da aka ambata a takarda.

Kowane na'ura ɗauki hotonta biyu: ɗaya gaba ɗayanta a cikin ɗakin, ɗaya na ƴar takardar da ke manne a bayanta mai lambar siri, wato lambar da ta keɓanta da wannan na'ura. Hotunan da rasit ɗin kada su zauna a wayarka kawai ko a cikin armuwar ɗin da zai iya ƙonewa. Tura su zuwa imel ɗinka, ko ga ɗan'uwa da ke wata unguwa.

Me ya sa wannan wahala? Saboda ƙa'idar da ake kira "règle proportionnelle", wadda ke aya ta 35 ta dokar inshora. Ɗauki misali. Kayanka sun kai na sefa miliyan 4, amma don kuɗin shekara ya yi sauƙi ka ce na miliyan 2 ne. Wuta ta cinye falo kawai, asarar ta kama miliyan 1 da jika 200 (jika ɗaya sefa dubu ce). Kana tsammanin tun da asarar ba ta kai miliyan 2 ba za a biya ka duka. Ba za a biya ba. Mai kimanta asara da kamfani zai turo zai duba abin da ya rage a gidan, ya gano rabin darajar kayanka ka yi wa inshora, sai a biya ka rabin asarar, jika 600. Sauran an ɗauka kai ka ɗauki nauyinsa da kanka. Ƙarin kuɗi ma ba ya amfani: in ka ce na miliyan 8 ne, za ka biya kuɗin shekara mai yawa, amma aya ta 31 ta hana a biya mutum fiye da darajar abin da ya rasa a lokacin da ya rasa shi. Gaskiyar adadi ita kaɗai ke aiki. Tambayi kamfani ko suna yarda a soke wannan ƙa'ida, ko a ba da rangwamen kaso kaɗan idan ƙirgarka ta ɗan gaza. Wasu suna yi, amma sai an rubuta.

Zaɓi abin da za a rufa maka

Takardar tana zuwa ne da rassa, wasu dole, wasu sai ka nema.

Alhakinka ga mai gida, "risque locatif". Wannan kada a cire shi. Duba adadin da aka rubuta a gabansa, ka tambayi kanka ko zai sake gina sashen da kake ciki a farashin siminti da ƙarfe na yau. Wasu kamfanoni da faɗin gidan suke lissafi, wasu da ninkin kuɗin hayar shekara. In da faɗi ne, auna da mita, kada ka ƙiyasta, kuma ka haɗa da kicin na waje, mangaza da ɗakin mai gadi idan suna cikin hayarka.

Alhakinka ga maƙwabta, "recours des voisins et des tiers". A selibatariyum inda rufin kwano ɗaya ya haɗa ƙofa shida, wuta ta cikin silin take bi, kafin motar ƴan kwana-kwana ta iso ta shiga ɗaki na uku. A gidan bene kuma ruwan bayinka ne ke sauka kan gadon na ƙasa. Adadin wannan reshe ya kamata ya fi na kayanka nesa, domin kayan gida biyar kake iya lalatawa.

Gobara da fashewar gas a kan kayanka. Lura da abin da doka take kira gobara. Aya ta 45 ta ce abin da zafi kawai ya lalata, ko wanda ya taɓa garwashi ba tare da wuta ta kama ba, ba ya ciki sai an yi yarjejeniya ta daban. Shaddar da dutsen guga ya ƙona, ko kafet ɗin da garwashin kaskon turare ko na shayi ya huda, ba gobara ba ne. Amma ɓarnar da ruwan ƴan kwana-kwana ya yi, ko ƙofar da aka ɓalle don ceto, ana lissafa su cikin gobara.

Lalacewar na'urori ta hanyar wutar lantarki, "dommages électriques". Wanda ya zauna a Yamai daga Maris zuwa Mayu ya san yadda wutar NIGELEC ke ɗaukewa ta dawo, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce kima, ta ƙona injin firigo ko katin kilima ba tare da an ga harshen wuta ba. Reshen gobara ba ya biyan wannan. A ganinmu ga mai kilima da injin daskarewa, wannan reshe ya cancanci kuɗinsa fiye da na fasa gilashi da ake yawan cusa wa mutane. Sai dai ka tambayi abu uku: shekarun da idan na'ura ta wuce su ba a biyanta, ko ana sharaɗin sai da regilata, da ko naman da ya ruɓe a cikin injin yana ciki. Mai faifan sola, batura ko gurup ya ambace su da sunansu, in ba haka ba za a ce ba a san da su ba.

Ɓarnar ruwa, "dégâts des eaux". Wannan na fashewar bututu ne, ko tankin sama da ya cika ya tumbatsa, ko famfon da aka bari a buɗe lokacin da ruwa ya ɗauke, ya dawo da asuba ba kowa a kusa. Galibi ana biyan abin da ruwan ya ɓata, ban da gyaran bututun kansa. A nan akwai tarkon da ya fi kowane cutar da mutane: ambaliya ba ta cikin wannan reshe. Ruwan da ya shigo daga titi ko daga kogi sunansa daban, "inondation", kuma a takardu da dama an cire shi. Wanda ya ga abin da kogin Isa ya yi a Satumba 2020, lokacin da madatsar gefen Lamorde ta karye ruwa ya mamaye unguwannin Harobanda, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan kana Lamorde, Kirkisoy, Saga, ko kowace unguwa da ruwan sama ke kwanciya a cikinta a watan Agusta, tambayi kai tsaye: "Malam, in ruwa ya shigo ta ƙofa daga waje, kuna biya? Nuna mini layin." In bai nuna maka ba, babu. Haka ma guguwar farkon damina da ke yaye rufi: nemi kalmar "tempête", ka kuma sani ruwan da ya shiga ta tagar da ka bari a buɗe ba ya ciki.

Sata. Kamfani yana biyan satar da ta bar alama: an fasa ƙofa, an yanke ƙarfen taga, an hauro katanga, ko an yi barazana da makami. Wayar da ta ɓace ranar suna, gida cike da baƙi, ba ta ciki. Satar da wani daga cikin iyali ya yi ba ta ciki. Ta ɗan aiki ko mai gadi kuwa, inda ake biya, sai ka kai ƙararsa da sunansa. Karanta sharuɗɗan tsaro da kyau: irin makullin da suke so, ƙarafan taga, ko mai gadi. Idan ka ce akwai mai gadi da dare alhali babu, ka rushe reshen da hannunka. Akwai kuma sharaɗin barin gida ba kowa: takardar tana faɗin adadin kwanakin da idan gidan ya wuce su a rufe cikin shekara, reshen sata ya tsaya. Malamin da ke tafiya Tawa ko Maraɗi duk hutun damina da iyalinsa, da ma'aikacin da ake turawa aiki cikin ƙasa, su nemi wannan adadi kafin su sa hannu.

Babur ba ya cikin kayan ɗaki, ko da a tsakar gida yake kwana. Nasa daban ne.

Reshe biyu ƙanana da ke da amfani: alhakin magidanci, wanda ke biya idan yaronka ya fasa gilashin motar wani ko ya ji wa ɗan maƙwabta rauni a wasa, da kuɗin sake matsuguni, wanda ke biyan hayar wani wuri na wasu watanni kafin a gyara naka.

Lambobi biyu da ke rage abin da za ka karɓa

Na farko "franchise", wato kason da kai za ka ɗauka a kowace asara. Na biyu "vétusté", ragin tsufa. Misali: kilima ya ƙone, sabon irinsa yau jika 300 ne, naka ya shekara huɗu. Idan takardarka ta ce ana rage kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, an cire kashi 40, saura jika 180. Idan kasonka jika 25 ne, abin da zai shigo hannunka jika 155. Ba zamba ba ce, haka aka rubuta, amma gara ka sani tun yau. Nemi a ba ka jadawalin ragin tsufa a rubuce, na na'urori da na kayan katako da na tufafi, domin ba ɗaya ba ne. Tambayi kuma ko akwai zaɓin "valeur à neuf", inda ake mayar maka da wani kaso na ragin bayan ka kawo rasit ɗin sabon da ka saya. Ya fi tsada, amma ga amaryar da kayanta duk sababbi ne yana da ma'ana. Game da kasonka, idan ka yarda ya yi girma kuɗin shekara zai sauka. Ka tsayar da shi daidai abin da za ka iya fitarwa daga aljihu ba tare da cin bashi ba.

Wurin wa za ka saya

Nijar tana cikin CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke kula da harkar inshora, wadda aka kafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, dokarta kuma ta fara aiki a 1995. Doka ɗaya ce ke aiki a ƙasashe 14, kuma daga cikinta ne duk ayoyin inshora da muke ambata a nan suka fito. Kamfanin da zai ɗauki gidan da ke Nijar dole ya kasance yana da lasisin aiki a Nijar. Daga cikin waɗanda aka sani a Yamai akwai SNAR-Leyma, SUNU, CAREN, NIA da MBA. Kana iya zuwa ofishin kamfani kai tsaye, ko wurin wakilinsa, ko wurin dillalin inshora mai lasisi wanda ke hulɗa da kamfanoni da yawa. Idan kana shakkar wani, sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi shi ke riƙe da sunayen masu izini.

Je wuri uku da takarda iri ɗaya: faɗin gida ɗaya, jimillar kaya ɗaya, rassa iri ɗaya. In ba haka ba, abin da za ka kwatanta ba zai kwatantu ba. Kowanne ya ba ka ƙiyasin farashi a rubuce, wanda ya haɗa da haraji da kuɗin takarda, tare da littafin sharuɗɗa. Littafin nan kashi biyu ne: sharuɗɗan kowa da kowa, da sharuɗɗan da suka shafe ka kai kaɗai, masu ɗauke da sunanka da adadin kowane reshe. Inda suka saɓa, naka ne ke rinjaye. Ka tafi da su gida. Da Faransanci ake rubuta su, don haka in ba ka sake da shi ba, samu wanda ka amince da shi ya karanta maka, ba wanda ke sayar maka ba. Fara da inda aka rubuta da baƙin rubutu mai kauri. Aya ta 8 ta wajabta a fito da duk abin da aka cire da duk abin da ke zubar da haƙƙinka a fili ƙarara, in ba haka ba sharaɗin ba ya aiki. A nan za ka ga yaƙi da tarzoma, waɗanda doka ta cire tun asali sai an saye su daban.

Mafi arha ba lallai ya fi ba. Tambayi kowanne cikin kwana nawa suke biya bayan an daidaita kan adadi, wa ke biyan mai kimantawa, da kuma ko suna da ofis a garin da za a iya mayar da kai.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, ya sani cewa a 2019 CIMA ta fitar da ƙa'idar takaful, tsarin taimakekeniya bisa shari'ar Musulunci. Ya tambayi kamfanin ko yana da wannan sashe na gidaje, ya kuma kai wa malaminsa takardar su duba tare.

Cike takardar tambayoyi

Za a tambaye ka da me aka yi ginin, siminti ko banko, rufin dal ne ko kwano, mutum nawa ke ciki, ko an taɓa yin gobara ko sata, ko ana sana'a a gidan. Amsa gaskiya, kuma kada ka bar ma'aikaci ya cike maka ka sa hannu ba ka karanta ba. Aya ta 18 ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan, yarjejeniyarsa ta ɓaci, kuɗin da ya biya kuma ya zama na kamfani. Aya ta 19 ta ce in kuskure ne ba da niyya ba, za a rage diyyar daidai gibin da ke tsakanin abin da ya biya da abin da ya kamata ya biya.

Tambayar sana'a ita ce mata da yawa ke tsallakewa. Uwargida mai ajiye atamfofi da turaruka na sayarwa a ɗaki, ko mai injin daskarewa biyu tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, ko mai tuyar sayarwa a kan gas kullum, duk sana'a ce. Hajar sayarwa ba ta cikin kayan ɗaki, kuma tuyar ta ƙara haɗarin wuta. A faɗa, a ƙara ɗan kuɗi, a rubuta. Mai ajiye jarkokin fetur don gurup ya duba adadin litar da aka yarda da ita. Idan wani abu ya canja bayan ka sa hannu, misali an fara sana'a ko an cire mai gadi, kana da kwana 15 ka sanar da su a rubuce.

Biya, ka karɓi shaida

Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Babu "ka kawo ƙarshen wata, mun riga mun rubuta ka". Takardar neman da ka cike ma ba ta ɗaure kowa ba. Abin da ke ɗaurewa shi ne takardar inshora da aka sa wa hannu, ko takardar wucin gadi da ake kira "note de couverture". Ranar da ka biya, kada ka fita sai da rasit mai sunan kamfani da hatiminsa, lambar takardarka, ranar farawa da ranar ƙarewa. Duba adireshin: a garin da ake kwatance da masallaci da gidan mai, a sa unguwa, lambar fili ko ta ƙofa, hawa na nawa, har da lambar kwantar NIGELEC idan za ta taimaka a gane gidan.

Ranar da abin ya faru

Rai tukuna. Fitar da mutane, sauke dijanta, rufe kan gas in ana iya isa gare shi, kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ƴan sanda a 17. Bayan nan ɗauki hoto da bidiyo kafin a share komai. Kada ka zubar da abin da ya ƙone, ko da ya zama gawayi, domin ƙarfen firigo da ya narke shi ne shaidar cewa akwai firigo. Kada ka kira mai gyara ya buɗe na'urar da wuta ta lalata kafin mai kimantawa ya gani.

Sanar da kamfani a rubuce, ka riƙe kwafi mai hatiminsu da kwanan wata. Aya ta 12 ta ce wa'adin ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, na sata kuwa awa 48 ne. A sata fara da kwamisariya ko jandarmeri ka karɓi takardar shaidar ƙara. A gobara nemi rahoton ƴan kwana-kwana. Idan ka makara, kada ka fasa kai sanarwa: aya ta 20 ta ce ba za a hana ka haƙƙinka saboda jinkiri ba sai kamfani ya nuna jinkirin ya cutar da shi.

Akwai abu ɗaya da ya saɓa wa al'adarmu, dole a faɗe shi. Idan wuta ta shafi maƙwabta, dattawan unguwa za su so a zauna a yi sulhu a ranar, ka ce "laifina ne, zan biya kaza". Jajanta musu, ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ka taimaka da abin da za ka iya na gaggawa, amma kada ka ɗauki alkawarin adadi ko ka sa hannu a kan wata takarda. Yawancin takardun inshora sun ce amsa laifi ko sulhun da aka yi ba da kamfani ba bai ɗaure shi ba, kuma doka ta yarda da wannan sharaɗi. Ce musu: "Baba, akwai inshora a kan gidan, ku ba ni kwana biyu su zo su gani, haƙƙin kowa zai fita."

Miƙa jerin asararka da hotuna da rasit. Ka kasance a wurin ranar da mai kimantawa zai zo, da littafin ƙirgarka a hannu. Idan adadinsa bai gamsar da kai ba, kana da damar kawo naka mai kimantawa, in sun saɓa su zaɓi na uku. A gobara, idan wata 3 suka wuce da miƙa jerinka ba a gama kimantawa ba saboda su, kana iya aika musu gargaɗi ta hannun wisiye, wato jami'in shari'a mai isar da takardu, in an kai wata 6 kowane ɓangare yana iya zuwa kotu. Kada ka bar maganar ta kwanta: bayan shekara 2 haƙƙin kai ƙara ya faɗi, kamar yadda aya ta 28 ta tanada.

Sabuntawa da tashi

Idan takardarka mai sabunta kanta ce, kamfani zai aiko maka sanarwa kwana 45 kafin wa'adi, amma kada ka dogara da isowarta. Sa ranar a wayarka, domin in ba ka biya ba kariyar ta yanke. Kafin ka biya, buɗe littafin ƙirga ka ƙara abin da ya shigo gidan cikin shekarar, musamman in an yi aure ko an sayi kilima. In kana so ka koma wani kamfani, aika wasiƙa mai rajista aƙalla wata 2 kafin wa'adi.

Inshorar tana bin adireshin da aka rubuta ne. Idan za ka tashi daga Yantala zuwa Bobiyel, sanar da su kafin motar kaya ta zo, a yi maka takardar gyara mai sabon adireshi, sabon faɗi da sabon kuɗin haya, ka kuma roƙi a rufa gidajen biyu a ƴan kwanakin da kayanka ke rabe tsakaninsu. In sabon wurin bai dace da tsohuwar takardar ba, aya ta 25 ta ba ka wata 3 daga ranar tashi ka nemi a soke ta, sokewar ta fara aiki wata ɗaya bayan sun karɓi wasiƙarka, su mayar maka da kuɗin watannin da suka rage.